Koma Farko, Harira

Saura kwana ashirin da uku Harira ta sake zama jarrabawar shiga jami'a, wata mata ta kira mahaifinta a waya ta ce tana son ganinsa a makaranta. Malam Ashiru yana zaune kan buzunsa a zauren gidansa da ke Rafin Guza, yara sun tashi daga karatun safe, alluna jingine da bango. Ya ce to, ya kashe wayar. Shekara ashirin da shida ke nan tun zuwansa daga Katsina yana kiran iyayen yara yana zayyana musu laifin 'ya'yansu, bai taɓa kawowa a ransa akwai ranar da shi za a kira ba.

Ba wai bai san abin da ke faruwa a gidansa ba. Harira ce ta haddace izu sittin tana 'yar shekara goma sha huɗu, ita ce kuma a boko ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ko ta biyu ba. Tun tana ƙarama take cewa ita harhaɗa magunguna za ta karanta. Bara da ta shiga jarrabawar JAMB, duk layin an gama shirya bakin taya murna. Ta fito leɓɓanta a bushe. Da sakamako ya fito, 'yar maƙwabta da ko inda littattafanta suke ba ta sani ba ta fi ta maki.

Unguwa ta ce baki ne, wasu suka ce sammu. Malam Ashiru, wanda wurinsa ake zuwa neman taimako a kan irin wannan, ya zage damtse: rubutun sha na kwana bakwai, tofi safe da yamma, zuma da habbatus sauda. Harira ta shanye duk abin da aka miƙa mata, don yarinya ce mai biyayya. Amma da azumin bana ya wuce, ranar jarrabawa ta fara matsowa, sai abin ya dawo sabo fil. Ba ta cin abinci sai an tsare ta. Da safe amai. Tafin hannunta kullum a jiƙe da gumi, har biro ke suɓuce mata. Shekaranjiya kuwa ya jiyo ta ta bayan labule tana ce wa mahaifiyarta Balaraba, "Inna, in wannan karon ma na kasa, kada a sake cike mini fom. Na haƙura da bokon." Ba da kuka ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali.

Washegari ya saka rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya hau keke napep zuwa Malali, inda tsohuwar makarantar Harira take, wadda ke barin tsofaffin ɗalibai su zo su yi gwaji a ɗakin kwamfuta. Matar da ta kira shi Malama Ladidi ce, mai ba ɗalibai shawara, 'yar gajeriya mai tabarau, ofis ɗinta kujera biyu ne da fanka da ba ta juyawa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita ilimin halayyar ɗan'adam ta karanta, kuma duk Laraba tana zama da yara goma sha ɗaya waɗanda tsoron jarrabawa ke kayarwa. Harira na cikinsu tun wata biyu da suka wuce.

"To mi kike koya masu?" in ji shi.

"Allah gafarta Malam, numfashi. Da yadda mutum zai yi wa kansa magana in ya shiga tsoro."

Malam Ashiru ya shafa gemu don kada fuskarsa ta tona shi. Numfashi! Abin da jariri ke fitowa da shi daga ciki ba tare da an kai shi makaranta ba, yau shi ake ɗaukar malama ta koyar. Ya ce a ransa lallai boko ya ƙare da abin koyarwa.

Ta lura, ba ta ji haushi ba. Ta ce akwai abin da take so ya gani da idonsa. Ta nemi izinin Harira tun makon jiya, ta yarda, sai dai ta roƙa kada a gaya mata ranar da zai zo. Suka bi ta baranda suka tsaya a ƙofar baya ta ɗakin kwamfuta. Yara kusan talatin sun juya musu baya, janareta na ruri a waje. Ya gane hijabin Harira mai ruwan toka a layi na biyu daga ƙarshe.

Malama Ladidi ta rage murya. "Tambaya ɗari da tamanin ce, darussa huɗu, awa biyu. Kada ka damu da Turancin, ka dubi lambar da ke sama kawai."

Lamba kam ya iya. Tara. Goma. Sha ɗaya. Yarinyar na tafiya sumul, har ya fara jin daɗi. A sha huɗu ta tsaya. Ya ga kafaɗunta sun zabura sama kamar an taɓa ta da ruwan sanyi, sai lambar ta koma ɗaya. Ta sake bin tambayoyin da ta riga ta amsa, ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan rausaya gaba da baya. Ta wuce sha huɗun, ta kai ashirin da biyu. Kafaɗu suka sake zabura. Ɗaya.

Babu wanda ya yi masa bayani, kuma bai buƙata ba. Wannan rausayar tasa ce, a zaurensa aka koye ta. Malam Ashiru yana alfahari da cewa shi ba ya riƙe bulala. In yaro na kawo masa hadda ya yi tuntuɓe, ko da wasali ɗaya ne, sai ya ƙwanƙwasa carbinsa a kan allo, ƙwas, ya ce, "Koma." Ba baya kaɗan ba, a'a, can farkon sumunin, wato kan shafin da aka faro. In ka sake tuntuɓe a layin ƙarshe ma, farko za ka koma. Haka malaminsa ya yi masa, haka ya yi wa duk wanda ya zauna gabansa, shi ya sa haddar ɗalibansa ba ta zuba. Harira kuwa tun tana shekara biyar take zama gabansa kowace asuba.

Suka koma ofis. Bai zauna ba.

"Ban taɓa bugun ɗiyata ba," ya ce, muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi. "Ko sau guda. Ki tambaye ta."

"Ta faɗa mini, Malam. Ban kira ka don a nemo mai laifi ba. Hanyar nan ita ta ba ta Alƙur'ani a ka, wa zai raina ta? Amma agogon kwamfuta ba ya jiran mai komawa. Gwajin makon jiya a tambaya ta hamsin da ɗaya lokaci ya ƙare mata, ko darasin farko ba ta gama ba. Cikin hamsin da ɗayan, arba'in da takwas daidai ne."

Ta yi masa bayanin abin da suke yi ranar Laraba. In tsoro ya taso, yaro ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya ja numfashi uku a hankali, ya lura da abin da jikinsa ke yi, bugun zuciya ne ko gumi, ba tare da ya kama kokawa da shi ba. Sannan ya ɗora hannu a ƙirji ya gaya wa kansa abin da zai gaya wa amininsa da shi ne a wannan halin. Ta ce Harira ta iya lallashin kowa a ajin, kanta ne kawai ba ta yi wa sassauci.

"To ni mi zan yi?"

"Yanzu dai kada ka yi komai. Ka bar ta ta huta da asuba."

Ya ce to. Amma wanda ya shekara ashirin da shida yana gyara karatu, ka ce masa kada ya yi komai, ai ka ɓata yawunka. Tun a cikin keke napep ya gama tsara magani. Shi ya koya mata komawa, shi zai koya mata wucewa, magana ta ƙare. Da asuba ya sa ta ɗauko littafin tsofaffin tambayoyi, ya zaunar da ita kan tabarma, ya aje agogonsa a tsakani, carbi a hannu. Da ta ɗan yi jim a kan tambaya, sai ƙwas a kan littafin.

"Wuce!"

Ta zabura, ta wuce. Ƙwas. "Wuce, na ce! Kada ki waiwaya!" Kwana uku ana wannan. A rana ta uku yarinyar ta tsaya cak a tambaya ta shida, biro a sama, ba ta koma ba, ba ta wuce ba, idonta a kan takarda amma ba karatu take ba. Numfashinta ya riƙa fita guntu-guntu. Ta miƙe da gudu ta yi bayan gida, ya jiyo tana kakarin amai alhali babu komai a cikinta.

Balaraba ta fito daga madafa da ludayin koko a hannu. Mace ce mai haƙuri, amma in ta tashi magana ba ta kwana-kwana.

"Malam, kai fa ko ruwa ka ce mutum ya sha, sai ya ƙware. An ce maka kada ka yi komai, ka zo ka buɗe mana sabuwar makaranta. Da muryarka ɗaya ce a kanta, yanzu ka mayar da su biyu."

Da hantsi Harira ta aiko ƙanwarta da saƙo, don ta kasa fuskantarsa: a yi haƙuri, ba za ta je jarrabawar ba. Ta shige ɗaki. Laraba ta zo ba ta je wurin Malama Ladidi ba, wata Larabar ma ta kusa. Malam Ashiru ya riƙa ƙirga kwanaki a kan yatsunsa yana tsakiyar biya wa yara karatu. Sha tara. Sha bakwai. Sha biyar. Yaro ya yi kuskure a gabansa ya ɗaga carbi, sai hannun ya tsaya a sama, yaron na kallonsa, shi ma yana kallon yaron. Tsoro yake ji, tsoro sosai, cewa da hannunsa ya rufe wa 'yarsa ƙofar da ta fi so a duniya.

Saura kwana sha uku ya koma Malali, wannan karon ba wanda ya kira shi, kuma da rigar zaman gida ya tafi. Ya gaya wa Malama Ladidi abin da ya aikata, bai rage komai ba. Ya jira faɗa. Sai ta jawo masa kujera.

"Zauna, Malam. Minti goma nake roƙo. Abin da nake sa yaran su yi, shi za ka yi."

Ya duba ƙofa ko akwai mai wucewa. Ya zauna, ya cire takalma, ya kafa ƙafafu a siminti. Ta ce ya ɗora hannu a ƙirji. Dattijo da furfura a gemu, hannu a ƙirji kamar ɗan firamare mai rera taken ƙasa, da mutanen Rafin Guza za su leƙo da ya shiga uku. Ta ce ya bi numfashinsa kawai, shigarsa da fitarsa, in tunani ya ja shi ya dawo a hankali. Ya ga abin wasa ne. Kafin numfashi na biyar ya ji zuciyarsa na dukan tafin hannunsa da ƙarfin da ya ba shi mamaki. Haƙoransa a datse suke, bai san tun yaushe ba. Tunani ya ja shi, ya dawo, ya sake jan shi, sai ya ji haushin kansa: abu kaɗan ma ka kasa.

"Me kake gaya wa kanka yanzu?" in ji ta.

"Cewa nake na ɓata. In sake daga farko."

"Muryar wa ce?"

Ya gane ta nan take. Shekara arba'in da mutuwar mutumin, amma ga muryar nan garau, da 'yar shaƙewar goro a cikinta. "Malamina ne. Allah ya jiƙan shi."

"Amin. Me yake tsoro, da yake ce maka ka koma?"

Ba a taɓa yi masa irin wannan tambayar ba. Ya ce, "Kada in ɓata littafin Allah. Kada a yi mani dariya cikin malamai."

"To ka ga ba maƙiyinka ba ne, tsoro yake ji maka. Ba korar muryar nake koya wa yaran ba, Malam, ba ta koruwa. In ka yi mata tsawa ƙara ɗaga murya take. Ka gane ta, ka gode mata, ka ci gaba da abin da ke gabanka."

Ya sauke hannunsa. Ya saka takalma ya yi godiya, ya fita ba tare da ya kalle ta ba.

Bayan la'asar ya shiga cikin gida. Bai aika a kira Harira zaure ba, yadda ya saba. Shi ya je ƙofar ɗakinsu ya zauna a ƙasa, ba buzu ba carbi, har Balaraba ta leƙo ta taga ta ga ko lafiya. Ya yi sallama. Can ciki aka amsa da ƙyar.

"Ba karatu na zo ba," ya ce wa labulen. "Kin san sau nawa mutanen masallacin layin nan suka ce in zama limaminsu?"

Daga ciki ta ce, "Sau da yawa, Baba. Kana cewa maƙogwaronka."

"Maƙogwarona lafiya lau yake. Ina da shekara ashirin da biyu aka tura ni gaba a garinmu, sallar asuba, malamaina na sahun farko. Na yi tuntuɓe a aya guda. Maimakon in jira a ɗora mani in wuce, sai na koma farkon sura. Na zo wurin na sake tsayawa, na sake komawa. Sau ukku. Gumi har cikin ido. Da ƙyar na kai raka'ar. Tun rannan ban sake jan salla a bayyane ba. Mutane na cewa Malam Ashiru akwai tawali'u. Ba tawali'u ba ne, Harira, tsoro ne. Ko innarki ban taɓa gaya mawa ba."

Daga taga Balaraba ta ce, "Na sani tun shekarar da aka kawo ni," ta ja labulenta.

Labulen ɗakin ya motsa. Harira ta fito, ta rame har idanunta sun yi zuru-zuru, ta zauna nesa kaɗan da shi. Ta kalle shi kallon da ba ta taɓa yi masa ba, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ban zo in ce ki je ba," ya ce. "In kin je, in ba ki je ba, ɗiyata ce ke. Abin nan na malamarku nike so ki koya mani. Na gwada, ban iya ba."

Ta yi ɗan murmushi, na farko cikin makonni. "Baba, kafaɗunka. Sun kusa taɓa kunnenka. Sauke su."

Haka suka riƙa yi kullum bayan la'asar, minti goma, uba da 'ya a tsakar gida, kaji na kiwo a gefensu. Ita ke cewa a ja, ita ke cewa a sauke. Kada a ce abin ya zama tatsuniya: ba ta warke ba. Ta koma wurin Malama Ladidi ranar Laraba, amma a gwajin da ta yi ta koma farko har sau biyu, lokaci ya ƙare mata a darasi na uku. Amai bai daina zuwa ba. Saura kwana biyu ta ce ba za ta je ba, da yamma ta ce za ta je, washegari ta sake cewa ba ta sani ba. Malam Ashiru ya ciji harshensa har ya kusa huda shi, bai ce komai ba. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Ranar jarrabawa ta fito da hijabinta da takardar shiga a hannu, ba ta ce za ta ba, ta dai tsaya a bakin zaure. Ya tashi ya bi ta. Cibiyar da aka tura ta tana can wajen Rigachikun, a kan hanyar Zariya. Suka sami mota a Kawo. A hanya ya ga tana goge tafin hannunta a hijabi, tana sake gogewa. A bakin ƙofa aka tsayar da iyaye. Yana da addu'o'i cike da baki da nasihohi cike da ciki, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Ina nan waje." Ta gyaɗa kai ta shiga layi, yana kallo har aka duba yatsanta ta ɓace a cikin ginin.

Sai jira. Rana ta ɗaga tun ƙarfe tara, irin zafin da ke zuwa gab da faɗuwar damina. Iyaye suka taru ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, wani direban tanka Bazamfare na ba da labarin yadda ɗansa ke cin lissafi, ba wanda ke saurarensa. Malam Ashiru ya duba agogo. Minti goma. Yanzu tana wajen ta sha huɗu. Ya ga kafaɗun nan a idon zuciyarsa suna zabura, ya ji nasa sun zabura. Ya tashi, ya zaga, ya dawo. Mai ruwan leda ta miƙo masa, ya karɓa ya riƙe har ya ɗumame bai sha ba.

Wajen minti arba'in ƙofar ginin ta buɗe, wata ma'aikaciya ta fito riƙe da yarinya mai hijabi ruwan toka, tana tafiya tana layi. Ya ruga can. Ya kama ƙarfen ƙofa, bakinsa na innalillahi, har suka matso ya ga doguwa ce, ba Harira ba. Wata mata ta fasa kuka ta ruga wurinta. Ya ji sanyi a ransa, nan take kuma ya ji kunyar sanyin, don ita ma 'yar wani ce.

Ya koma gindin mangwaron ya zauna a kan tushe. Zuciyarsa na bugu har cikin kunne. Ya duba hagu da dama, ya zare takalma, ya kafa ƙafafu a ƙasa, ya tura hannu ta cikin riga inda ba mai gani. Bazamfaren ya leƙo fuskarsa ya ce, "Malam, ciwon ƙirji ne?" Ya ce a'a, numfashi yake. Mutumin ya matsa gefe yana kallonsa ta wutsiyar ido. Tsoron bai tafi ba, amma ya bar shi ya zauna har awa biyun ta cika.

Suka fara fitowa, wasu na dariya, wasu na waya, wasu fuska a murtuke. Ya miƙa wuya yana nema. Aka fito, aka fito, layin ya fara sirancewa, babu ita. Sai can a ƙarshe ya hango ta tana tahowa a hankali, hijabin ya jiƙe a wuya. Ya yi ƙoƙari ya karanta fuskarta ya kasa. Da ta iso ya miƙa mata ruwan ledar da ya ɗumame, ta fasa ta shanye tas. Ya rantse wa kansa ba zai tambaya ba, ya kuwa yi shiru har ta goge baki.

"Na kai ƙarshe, Baba," ta ce. "Duka huɗun. Akwai wajen goma sha biyar da ban tabbata ba, na zaɓa na wuce. Ban san me zan samu ba."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ba ki... bai zo maki ba?"

"Ya zo. A ta ashirin da bakwai. Hannuna har ya tafi zai danna farko." Ta sunkuyar da kai tana murza ledar. "Muryarka na ji, sak, kamar kana bayana."

Ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Ya san haka ne, amma ji daga bakinta daban ne.

"Mi kika yi?"

"Na sa ƙafata a ƙasa. Na ja numfashi. Sai na ce, Baba, na san tsoro kake ji mini. Na gode. Zauna nan kusa da ni, bari in gama."

Motoci na ta wucewa a kan titin Zariya, kwandastoci na kiran Kawo, Kawo. Malam Ashiru ya dube ta. Da ƙyar ya samu ya ce, "Na zauna?"

"Ka zauna. Ka sake miƙewa sau biyu a lissafin sinadarai, amma da na ce ka zauna, ka zauna."

Ya so ya yi dariya, sai wani abu daban ya fito. Ya juya ya fuskanci bishiyar, ya ja hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza a gaban direbobi da masu talla da duk wanda ya ga dama ya kalla. Harira ba ta ce masa ya daina ba. Ta matso ta tsaya kusa da shi, ta jira har ya gama.